Gubar da Ta Shiga Gari

Tun kafin azahar gadajen asibitin unguwar suka ƙare, aka koma kwantar da mutane a baranda. Duk ciwon iri ɗaya ne: amai, gumi kamar an sheƙa musu ruwa, yawu na dalala, jiki na karkarwa. Yawancinsu yara ne. Da la'asar 'yar wani magini, wadda ko shekara ba ta yi da shiga firamare ba, ta cika a hannun uwarta.

Kafin a dawo daga maƙabarta magana ta gama unguwa. Wannan ya ce da burodi ɗansa ya karya, wancan ya ce nasa ma haka. Gidan burodi kuwa ɗaya ne a unguwar. Masu zaman makoki suka miƙe suka nufi can, maginin na gaba, idonsa jawur. Suka ɓalle ƙofa, suka farfasa tagogi, suka jawo mai burodin daga bayan buhunan fulawa, suka hau jifansa. Da motar 'yan sanda ta ƙara jinkiri kaɗan, da gawa biyu aka yi a ranar.

Washegari hukumar kula da ingancin abinci ta turo ma'aikaciyarta. Mace ce gajera, ba ta da yawan magana, kullum da takalmin roba a bayan motarta. Aikinta ɗaya ne: in abinci ya cutar da mutane, ita ke bin sawunsa da baya, daga baki zuwa tukunya, daga tukunya zuwa shago, har inda ya fito. A ofis Diddigi suke kiranta, har ta daina hana su.

Asibiti ta fara zuwa. Ta sami likitar tsaye kan wani yaro, da gani ba ta runtsa ba.

"Sannu da aiki, Likita. Me suka ci?"

"Abin da suka ci aikinki ne, Hajiya. Ni abin da ke jikinsu na sani." Likitar ta ɗaga fatar idon yaron ta haska. "Dubi ƙwayar idon. Ta tsuke kamar tsinin allura. Ruɓaɓɓen abinci ba ya yin haka. Maganin ƙwari ne, mai ƙarfi kuwa."

"Wa kika sanar?"

"Ma'aikatarmu. Sun ce za su rubuto wa hukumarku."

"Ni a rediyon mota na ji," in ji Diddigi. Ta miƙa mata wayarta. "Sa min lambarki. Duk wanda aka kawo, ki kira ni kai tsaye. Kada ki rubuto."

* * *

Sufeton 'yan sandan yankin dogon mutum ne mai son a gama magana da wuri. Ko zama ba ta yi ba ya ce, "Ai mun gama aikin, Hajiya. Mai laifi na ciki. Burodin kawai za ki gwada ki ba mu sakamako, mu kai shi kotu."

"Yallaɓai, sakamakon zai ce akwai guba a burodi. Ba zai ce ta ina ta shigo ba. In ba daga hannunsa ta fara ba, to tana nan tana yawo a gari, mu muna zaune."

Sufeto ya yi tsaki, amma ya sa aka fito da mutumin. Dattijo ne, leɓensa a kumbure, rigarsa a yage tun daga wuya.

"Baba, da me kake kwaɓi?"

"Fulawar kamfani, 'yata. Da suga da yis da gishiri da mai. Abin da nake yi tun kina goye."

"Ba ka haɗawa da komai?"

Ya dubi ƙasa. "Ba na haɗawa." Sai kuma ya ɗago. "Jikana na kwance a asibitin nan. Da hannuna na yanka masa burodin. Wa zai ba jikansa guba?"

"To wa ke da haushinka?" in ji Sufeto.

Dattijon ya ambaci wani mai kwaɓi da ya kora kwanan baya, wanda ya fita yana cewa sai ya ga bayan gidan. Sufeto ya buga tebur, ya tura yaransa nan take. Ba su sha wahalar nemansa ba. A barandar asibiti suka same shi kwance da ledar ruwa a hannu, shi ma burodin ya ci.

* * *

A gidan burodin Diddigi ta tarar da jami'in tsafta na ƙaramar hukuma yana tattaka gilasai, yana leƙa tanda. Tsoho ne mai barkwanci, kowa Duba-gari yake ce masa.

"Barka da zuwa, Hajiya. Kin ga yadda aka raba mana gadon nan? Kwata tawa ce, shago naki, mara lafiya na Likita, ɓarawo na Sufeto. Gubar ce kawai ba ta san an yi rabon ba."

"Ruwan fa, Baba?"

"Shi na fara dubawa. Rijiyar burtsatse ɗaya unguwar ke sha, ni ma ita nake sha, ga ni tsaye. Ko da yake matata ta ce ni guba ma tsorona take ji."

Diddigi ta ɗebi fulawa daga kowane buhu, ta kankare ragowar kwaɓi daga jikin kwano, ta aika ɗakin gwaji. Tana cikin wanke hannu wayarta ta yi ƙara. Likita ce.

"An kawo wata tsohuwa yanzu. Alamomin iri ɗaya. Amma zo ki ji abin da surukarta ke faɗa."

Surukar na zaune bakin gado tana yi wa tsohuwar fifita da kwali. "Wallahi, Anti, Inna ba ta taɓa burodin nan ba. Ciwon suga gare ta, an hana ta. Garin alkama kawai nake dafa mata, tukunyarta daban."

"Ina kike sayen garin?"

"Wurin mai injin niƙa, bayan kasuwa. Kwanan nan ma ya yi arha, har na ƙaro."

Diddigi ta dubi Likita, Likita ta dube ta.

* * *

Ɗakin injin ƙarami ne, duk abin da ke ciki ya yi fari, har girar mai injin. Yana ganin kaki ya kashe injin. Sufeto bai yi taku uku ba ya hango wasu ƙullin leda a bakin taga, ya ɗauko ɗaya ya karanta.

"Maganin ɓera! A ɗakin da ake niƙa abincin mutane! Shi ke nan, Hajiya, an kama shi. Ku sa masa ankwa."

"Yallaɓai, don Allah! Ɓeraye ne suka dame ni, ko buɗe su ban yi ba!"

Diddigi ta kira Likita ta karanta mata abin da ke jikin ledar. Likita ta ce irin wannan jini yake sa mutum ya zubar, kuma ba a yini ɗaya yake kayar da mutum ba, ba shi ba ne. Sufeto ya ji da kunnensa, duk da haka ya ce sai an tafi da mutumin.

"Tafi da shi, amma ba ni shi tukuna." Ta juya ga mai injin. "Malam, alkamar da kake niƙawa kwanan nan, daga ina?"

"Layin 'yan hatsi. Kusan kowa na da ita, farashinta ya karye ƙwarai. Shi ma mai burodi yana aiko da ita in niƙa masa, yana haɗawa da fulawar kamfani. Ya ce kada in gaya wa kowa."

To, abin da dattijon ya ɓoye ke nan. Sunan gidansa yake karewa, bai san igiya yake ɗaura wa wuyansa ba.

"Ka ga wani abu daban a jikinta?"

Mai injin ya sosa kai, gari ya zubo. "Danshi. Tana zuwa da ɗan danshi, tana liƙe min a haƙoran inji. Na yi mita, aka ce raɓa ce ta taɓa ta a mota."

Diddigi ta liƙa wa ƙofar injin hatimin hukuma. Duba-gari ya sa hularsa ya ce shi zai bi shaguna ya tsayar da sayar da garin.

* * *

Shugaban 'yan hatsi ya tarbi Diddigi da Sufeto tun daga bakin layi. Mutum ne mai fara'a, mai ƙamshin turare, ga iya magana. Ya yi salati, ya yi wa yarinyar da ta rasu addu'a, sannan ya ɗaga murya da kansa: duk mai alkama ya ɗinke buhunsa, hukuma ta zo.

"Mu ma cutarmu aka yi, Hajiya. Wani baƙo ne ya shigo da babbar mota, ya ce sauri yake, ya karyar mana. Dogo, da tabo a nan, maganarsa ba irin tamu ba. Ni ma na saya. In ya sake shigowa da hannuna zan kawo muku shi."

Sufeto ya rubuta dogo, ya rubuta tabo, ya baza sanarwa a shingayen hanya. Diddigi kuwa ta zauna a rumfar wani ƙaramin ɗan kasuwa kamar mai hutawa, ta tambaye shi ko shi ma ya ga baƙon.

"Gaskiya ban gan shi ba, Hajiya. Shugaba ne ya yi mana cinikin, mu dai muka karɓi namu."

Ta tambayi na kusa da shi, ta tambayi na gaba. Duk amsar ɗaya ce. Ta ajiye wannan a ranta, don shugaba ya yi wa mutanensa ciniki ba laifi ba ne.

Da safe ɗakin gwaji suka kira. Fulawar kamfani lafiya lau. Kwaɓin da garin inji kuwa duk akwai maganin, kuma irin wanda ake cuɗa irin shuka da shi ne don kada ƙwari su cinye shi a ƙasa.

* * *

Ofishin aikin gona na ƙarshen titin da asibitin yake. Babban malamin gona ya saurare ta yana juya biro a hannu. A bayansa mai kula da sito na tsaye da tarin makullai a ɗamara, gumi na bin wuyansa ko da yake fanka na juyawa.

"Eh, an kawo mana sabon irin alkama, ba a kai ga raba wa manoma ba," in ji malamin gonan. "Yana sito."

"Zan iya gani?"

"Hajiya, hukumarku abinci take dubawa. Iri ba abinci ba ne. Sai da izini daga sama."

"Ya zama abinci, Malam. Yana cikin cikin yara a asibitin can."

Biron ya tsaya. Amma ya girgiza kai. "Ba zai yiwu ya zama namu ba. Irin da aka sa wa magani rina shi ake yi ja jawur, don ko makaho ya san ba na ci ba ne. Wa zai sayi jar alkama? Wane mai inji zai niƙa ta?" Sannan ya ce a hankali, kamar da kansa yake magana, "Sai dai in wanke ta aka yi."

Diddigi ta tuna danshin da ke liƙe wa haƙoran inji. Ta miƙe.

"Malam, ba zan jira izinin ba. Amma zan kira ka, kuma ina roƙon ka ɗauka."

A waje ta sami Duba-gari zaune kan babur ɗinsa. Ta ce, "Baba, in mutum zai wanke buhunan hatsi masu yawa a ɓoye, ruwan ina zai je?"

"Gidana zai zo, kwata." Sai fara'ar ta ɗauke daga fuskarsa. "Tsaya. Kwanakin baya likitan dabbobi ya yi min ƙorafi a wurin cin abinci. Wata mata ta kai masa agwaginta sun mutu gaba ɗaya, bayan sun yi kiwo a babbar kwatar bayan kasuwa. Ya ce zai kai rahoto sashensu. Ni kuma na ɗauka cutar kaji ce."

Diddigi ta buɗe bayan mota ta ciro takalmin roba.

* * *

Kwatar faɗi gare ta, ruwan baƙi ƙirin, ga wari mai hawa kai. Suka fara daga bayan gidan mai agwagin suka yi sama, suna fuskantar inda ruwan ke gangarowa. Duba-gari na bin baki da sanda, ita tana ciki. Ledoji, gwangwanaye, mataccen ɓera. Jan launi kuwa ko ɗigo babu, ruwa ya daɗe da tafiya da shi.

Suka kai inda kwatar ta rabu biyu, ɗaya ta nufi mahauta, ɗaya ta bi bayan gidaje. Duba-gari ya ce, "To, Hajiya, ga hanya biyu, ƙafafunki kuma biyu ne, amma ba na ba ki shawarar ki raba su."

Ba ta yi dariya ba. Ta tsuguna tana kallon laka a gefen reshen da ya bi bayan gidaje. Wata ciyawa ce siririya, kore shar, ta fito tsaye kamar allurai, duk tsawonsu ɗaya. A reshen mahauta babu ita. Ta sa yatsu a ƙarƙashin guda ta ciro ta da saiwarta, ta ɗauraye da ruwan gorarta. A gindin tsiron ƙwayar da ya fito daga cikinta na nan maƙale, kuma a cikin tsagar ƙwayar akwai ja, siriri kamar zare.

"Baba, wa ke noman alkama a kwata?"

Duba-gari ya leƙo ya gani, ya ce, "Innalillahi."

Daga nan ba su sake neman hanya ba, tsiron ne ya ja su. Nan ɗan kaɗan, can ɗan kaɗan, yana ƙara yawa suna ƙara hawa, har suka iso wata doguwar katanga da bututu ya ɓullo ta ƙasanta. A bakin bututun alkamar ta yi cunkus kamar an shuka ta da gangan. Gaba da bututun ko ɗaya babu. Ta bayan katangar ana jin ƙarar injin feshin ruwa.

"Gidan wankin mota ne," in ji Duba-gari. "Ni na hana mai shi sakin ruwa a titi, na sa ya ja wannan bututun. Akwai rijiyarsa, akwai fili mai siminti da za a shanya kayan tirela guda."

"Na wa ne?"

Ya gaya mata. Ta ciro waya ta fara kira, ɗaya bayan ɗaya.

* * *

Da hantsi washegari aka taru a ofishin kasuwa. Sufeto ya kawo mai burodi da mai inji. Malamin gona ya zo da mai sito. Likita ta baro asibiti da farar rigarta. Shugaban 'yan hatsi shi ya sa aka jera kujeru, har ya aika a kawo ruwan sanyi. A waje mutanen unguwa sun cika tagogi, maginin na cikinsu.

Diddigi ta fara da mai burodi. "Baba, ka yi mana ƙarya, ka haɗa fulawa da garin inji. Za mu yi wannan maganar da kai daga baya. Amma ba ka san abin da ke cikin garin ba." Ta dubi mai inji. "Kai kuma ka ajiye maganin ɓera inda bai kamata ba, Duba-gari zai ji da kai. Ba shi ya kashe yarinyar ba."

Ta buɗe wani ƙyalle a kan tebur. Tsiron alkama ne damƙi guda, da lakarsa.

"Alhaji, wannan a bakin bututun gidan wankin motarka na ciro shi."

Shugaba ya leƙa, ya yi murmushi. "Haba, Hajiya. Motocin hatsi nawa ake wankewa a wurin nan? Dole ƙwaya ta zube. Wataƙila ma motar baƙon nan ce aka wanke."

"Baƙon da duk layin ba wanda ya gan shi sai kai." Ta tura ƙyallen gaban malamin gona. "Malam, duba mana."

Malamin gonan ya sa tabarau, ya ware ƙwaya ɗaya da farce, ya daɗe yana kallo. Sannan ya ɗago. "Namu ne. Wannan rinin namu ne. Ba a ba manomi ko ɗaya ba, kuma ba motar da ta ɗauke shi sai wadda ta sauke a sitonmu." Ya cire tabarau. "Sito ba cike yake ba, Hajiya. Na lura buhuna sun ragu, na sa a bincika a cikin gida. Na ɗauka manoma aka sayar wa ta bayan fage."

Ido ya koma kan mai sito. Makullan ɗamararsa sai kaɗawa suke. Ya dubi Sufeto, ya dubi tagar da maginin ke tsaye, sai ya zube a ƙasa.

"Alhaji, kai ka ce min in an wanke shi ke nan! Ka rantse min ba abin da zai sami kowa!"

"Rufe min baki, munafuki!" Shugaba ya miƙe har kujera ta faɗi. "Ai an wanke shi! Sai da ruwan ya fito fari tas, ina tsaye a kai..."

Ya tsaya.

"Launin ne ya fita, Alhaji," in ji malamin gona. "Maganin ya riga ya shiga ƙwayar."

A waje hayaniya ta tashi, 'yan sanda suka tare ƙofa. Sufeto ya ciro ankwa. Diddigi ta ɗaga masa hannu.

"Ina sauran?"

Shugaba ya kau da kai.

"Abin da aka kwashe daga sito ya fi abin da muka samu a layi. Ina sauran?"

Mai inji ne ya yi magana. "Akwai manyan buhuna da na niƙa masa shi kaɗai, ya kwashe kafin ku rufe ni. Ya ce na makarantar kwana ne, ta bayan gada. Shi ke da kwangilar abincinsu."

Likita ta dafe ƙirji. Diddigi ta matso har tana jin turaren mutumin. "Ka kai?"

Da ƙyar aka ji shi. "Jiya da yamma. Na so ya bar hannuna."

"Bayan an binne yarinyar?"

Ya gyaɗa kai.

* * *

Makarantar na wata ƙaramar hukuma, tafiya mai nisa, kuma rana ta kusa tsakiya. Kowa ya ciro wayarsa. Diddigi ta kira shugabar makarantar, a kashe. Ta kira ma'aikatar ilimi, aka ce mai lambar ɗakin girkin ya fita taro. Sufeto ya kira ofishin 'yan sandan can, aka ce motarsu ta tafi sintiri, ya yi ta ihu a wayar har jijiyar wuyansa ta fito. Likita ta kira asibitin da ya fi kusa da makarantar ta ce su tanadi allurai da gadaje, ta gaya musu sunan maganin. Malamin gona ya riga ya fita da gudu ya tada motar ofishinsu.

Duba-gari ne ya samu. Abokin aikinsa na can yana duba wata mahauta kusa da makarantar. Duba-gari ya daka masa tsawa a wayar: "Bar naman nan ko ruɓa yake, hau babur! Ɗakin girkin makaranta, kada a ci komai na gari! Kada ka kashe wayar!"

Ya ajiye wayar a tsakiyar tebur ya buɗe murya. Suka zagaye ta, har da mai burodi da mai inji. Ba abin da ake ji sai ƙugin babur da iska. Can aka ji mai gadi na tambayar takarda, aka ji abokin Duba-gari ya ce masa ya kauce. Sai ƙararrawa, da hayaniyar yara masu yawa, da ƙarar kwanuka.

"Sun fito cin abinci," in ji Likita, a hankali.

Aka ji gudu, aka ji haki. "Ku tsaya! Ajiye tiren nan! Na ce ajiye!" Wani abu ya faɗi da ƙara, wata mata ta yi salati. Daga nan wayar ta yi shiru har Sufeto ya ɗauka yankewa ta yi.

Muryar ta dawo, tana haki. "An dafa da shi. Tire na farko na ƙwace a bakin ƙofa. Ba a zuba wa kowa ba. Kuku ce kawai ta ɗanɗana gishiri, ga ta nan zan kai ta asibiti."

Diddigi ta nemi kujera ta zauna.

Aka fitar da Shugaba da mai sito ta ƙofar baya. Sufeto ya tsaya a bakinta, ya gyara hula. "Hajiya, motarmu na da lasifika. In za a zaga unguwanni a ce kowa ya fito da garin da ke gidansa, ku zo mu tafi tare. Ni ban san me zan ce musu ba, Likita ta sani."

Suna fitowa jama'a suka dare. Malamin gona ya dawo da motarsa, an kira shi a hanya. Maginin ya tako ya tsaya gabansa.

"Malam, yaushe ka san buhunan sun ragu?"

Malamin gonan ya ce, "Kafin 'yarka ta rasu. Da kwanaki."

"Ofishinka da asibiti titi ɗaya ne," in ji maginin. Bai ɗaga murya ba.

Ya juya wajen mai burodi, wanda ke tsaye shi kaɗai yana riƙe yagaggiyar rigarsa a wuya. Mutane suka ja baya, wani ɗan sanda ya matso.

"Baba, ni na fara jifanka."

"Na gan ka," in ji dattijon.

"Yaya jikin jikanka?"

"Ya buɗe ido da safe. Ya nemi ruwa."

Maginin ya gyaɗa kai, ya sake gyaɗawa. Ya buɗe baki zai ƙara wani abu, sai kukan da ya riƙe tun maƙabarta ya ƙwace masa. Dattijon ya saki rigarsa ya riƙe shi.